Yadda Marubuci Zai Fitar da Ƙagaggen Labarinsa da Kansa, Ya Kuma Kai Shi Hannun Masu Karatu

Marubucin da ya yanke shawarar fitar da littafinsa ba tare da kamfanin ɗab'i ba ya ɗora wa kansa aikin mutane da yawa, domin shi ne zai nemo edita, shi ne zai tsaya kan tsara shafuka da zanen bango, kuma shi ne mai talla da lissafin kuɗi. Tun da Amazon ya buɗe dandalin da a yau ake kira Kindle Direct Publishing, ko KDP a taƙaice, a shekarar 2007, saka littafi a kasuwa ya zama aikin yini guda, kuma wannan sauƙin ne yake ruɗar mutane, saboda dandalin ba ya tambayar ko littafin ya nuna kafin ya karɓe shi. Abin da na ga ya fi amfanar mai farawa shi ne ya raba al'amuran gida biyu tun daga farko: waɗanda za a iya gyarawa bayan littafi ya fita, da waɗanda idan aka yi su an yi ke nan. Farashi da bayanin da ke shafin sayarwa da kalmomin nema duk ana sauya su a duk lokacin da aka so. Amma sunan da aka buga a jikin littafin takarda, da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, da girman shafi, da haƙƙin da aka sa hannu aka bayar, da kuma abin da masu karatu na farko suka gani suka faɗa, waɗannan ba sa komawa baya, don haka a kansu ya kamata lokaci da kuɗi su fi tafiya.

Aikin farko shi ne tace rubutun, kuma a nan zan fi daɗewa, domin a nan ne littattafai masu yawa suke mutuwa tun kafin su ga kasuwa. Idan ka rubuta kalmar ƙarshe, ka ajiye rubutun na wasu makonni ba tare da ka buɗe shi ba, saboda idon da ya saba da labari yana karanta abin da ke cikin kan marubucin ne, yana tsallake abin da ke kan takarda. Idan ka dawo gare shi, ka karanta shi da babbar murya, musamman wuraren da taurarin labarin suke magana. Kunne yana kama jimlar da ta yi nauyi da maganar da babu ɗan Adam da zai furta ta haka, alhali ido yana wuce su lafiya lau.

Gyaran littafi hawa uku ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci. Na farko shi ne gyaran ƙashin labarin: ko babi na farko ya fara inda ya kamata, ko tsakiyar labarin ta yi sanyi, ko akwai tauraron da za a cire ba tare da labarin ya rasa komai ba, ko ƙarshen ya fito daga abin da aka gina ko kuwa daga sama ya faɗo. Na biyu shi ne gyaran jimla da zaɓen kalma. Na uku shi ne duba kurakuran bugu da ƙa'idojin rubutu, irin su raba kalma da haɗe ta da alamomin tsayawa. Wanda ya biya kuɗin duba kurakurai kafin ya gama da ƙashin labarin ya yi asara, domin zai koma ya sake rubuta babi biyar, sababbin kurakurai su shigo, aikin da ya biya ya tafi a banza.

Kafin edita, yana da kyau a ba wasu mutane kaɗan rubutun su karanta, kuma a zaɓe su daga cikin masu karanta irin wannan labarin da ma, domin dangi da aminai suna jin nauyin faɗin gaskiya. Kada ka tambaye su ko littafin ya yi daɗi, domin amsar ba za ta wuce “ya yi” ba. Ka tambaye su a wane shafi suka ajiye littafin suka tashi, da wane tauraro suka manta da shi har sai da suka koma baya don su tuna ko wane ne, da inda suka hango abin da zai faru tun kafin ya faru. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka nuna wuri guda, to akwai matsala a wurin, ko da maganin da suka kawo bai dace ba. Ka kuma riƙe takarda guda da ke ɗauke da sunayen taurari da shekarunsu da dangantakarsu da lokacin da kowane abu ya faru. A dogon labari abu ne mai sauƙi yaron da aka haifa a babi na uku ya bayyana yana ɗan shekara goma a babi na tara, alhali lissafin labarin shekara shida kawai ya nuna, kuma mai karatu guda da ya lura da haka ya isa ya rubuta shi a tsokacinsa kowa ya gani.

Game da edita, ka nemi ya gyara maka shafuka kaɗan a matsayin gwaji kafin ku ƙulla magana, ka duba ko yana gyara rubutunka ne ko yana mayar da shi irin nasa. Ku rubuta yarjejeniya a kan irin gyaran da zai yi da ranar da zai kammala da yadda za a biya shi. Idan kuɗinka bai kai ga komai ba sai abu guda, ra'ayina shi ne ka kashe shi a nan.

Bayan rubutu ya tsaya sai tsara shafuka, kuma a nan dole a fahimci cewa bugun na'ura da bugun takarda abubuwa ne daban. Littafin da ake karantawa a waya ko Kindle, wato na'urar karatu ta Amazon, yawanci a tsarin EPUB ake shirya shi, wanda rubutunsa yake miƙewa ya tsuke daidai da faɗin allo da girman harafin da mai karatu ya zaɓa, saboda haka ba shi da tsayayyar lambar shafi. Wanda ya riƙa danna maɓallin tazara sau biyar don ya shigar da sakin layi ciki, ko ya riƙa danna maɓallin sauka har ya kai sabon shafi, zai ga littafinsa ya wargaje a waya. Hanyar da ta dace ita ce a yi amfani da salon kan magana da na sakin layi da ke cikin manhajar rubutu, a kuma sa alamar yanke shafi a ƙarshen kowane babi. Bugun takarda kuwa PDF ne mai tsayayyen girma, kuma ƙagaggun labarai sun fi fitowa a inci 5 da 8, ko 5.5 da 8.5, ko 6 da 9. Gefen shafi na ciki, wato wajen ɗinki, yana buƙatar ƙarin fili gwargwadon kaurin littafin, in ba haka ba mai karatu zai riƙa banƙare shi don ya ga farkon layi. Hotuna su kasance masu ƙarfin DPI 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, kuma duk abin da zai kai bakin takarda a ƙara masa inci 0.125 saboda yankan maɗaba'a.

Wanda yake rubutu da harshen da ke da haruffa na musamman, irin su ɓ da ɗ da ƙ, yana da ƙarin abin dubawa. Samfurorin haruffa da yawa ba su da waɗannan, sai kwamfuta ta aro su daga wani samfurin a ɓoye, ka ga kalma guda harafinta ɗaya ya fi sauran kauri ko tsayi, ko kuma a wata na'urar ɗan akwati ya fito a madadinsa. Ka zaɓi samfurin da ke da su duka, manya da ƙanana, tsaye da karkace, ka cusa shi cikin PDF ɗin lokacin adanawa. Haka kuma kowane dandalin sayarwa yana da jerin harsunan da yake karɓa, kuma wajibi ne ka duba wannan jerin kafin ka gina dukan shirinka a kansa. Duk yadda littafin ya yi kyau a allo, kada ka sake shi sai ka yi odar kwafin gwaji na takarda ka riƙe shi a hannu, ka bi shi da biro daga bango zuwa bango.

Bangon littafi aikinsa guda ne, wato ya sanar da mai wucewa irin labarin da ke ciki cikin ƙiftawar ido. A shagon intanet mutane ba sa ganin bango da cikakken girmansa, suna ganin ɗan hoto ne da bai wuce kan babban yatsa ba a cikin jerin wasu da dama. Saboda haka idan mai zane ya aiko maka da aikinsa, ka ƙanƙantar da shi zuwa wannan girman ka ga ko sunan littafin yana karantuwa. Ka duba bangunan littattafan da suka fi kasuwa a rukunin da naka zai shiga, domin labarin soyayya da na bincike da na tsoro kowanne yana da kalarsa da irin harafinsa da masu karatunsa suka saba da su, kuma bangon da ya yi wa mai karatu alkawarin abin da babu shi a ciki yana jawo mummunan tsokaci. KDP yana ba da shawarar bangon bugun na'ura ya kai tsawon ɗigo 2,560 da faɗin 1,600. Na takarda kuwa kaurin ƙashin bayansa ya dogara ne da yawan shafuka da irin takardar, don haka ba a kammala shi sai an gama da cikin littafin gaba ɗaya. Ka tabbatar hoton da aka yi amfani da shi yana da lasisin kasuwanci, kuma mai zanen ya rubuta maka cewa kana da ikon amfani da bangon a kowane bugu da kowace talla.

Lambar ISBN tana da alƙaluma 13 tun daga shekarar 2007, kuma kowane nau'in bugu yana buƙatar tasa: mai bango mai laushi daban, mai bango mai tauri daban. Ana samun ta daga hukumar da aka ɗora wa wannan aiki a ƙasar mawallafin. KDP yana ba da ita kyauta ga littafin takarda, sai dai wannan ta kyauta a wajensa kawai take aiki, don haka mai niyyar buga littafin guda a wurare da yawa gara ya mallaki tasa. Bugun na'ura a Amazon ba ya buƙatar ISBN, domin kamfanin yana ba shi tasa lambar da ake kira ASIN. Abin da ya kamata a riƙe shi ne da zarar littafin takarda ya fita, sunansa da sunan marubucinsa da girmansa sun kulle, sauya su yana nufin sabon bugu da sabuwar lamba. Wanda yake kokwanton sunan littafinsa ko sunan alƙalamin da zai yi amfani da shi ya gama kokwantonsa kafin wannan ranar.

Haƙƙin mallaka kuwa, a ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Berne ta 1886 yana tabbata ga marubuci da zarar ya rubuta aikinsa, ba sai ya yi rajista ba, ko da yake rajista tana taimakawa idan magana ta kai kotu. Ƙasashe da yawa kuma suna da dokar da ta wajabta wa mawallafi ya kai kwafin duk abin da ya buga ɗakin karatu na ƙasa, kuma tunda kai ne mawallafin, nauyin a kanka yake. Ka yi hattara da kamfanonin da za su aiko maka da saƙon yabo, su nemi ka biya su makudan kuɗi don su buga maka, sannan a cikin takardar yarjejeniyar su karɓe haƙƙin littafin na shekaru. Idan kai ne mai biya, to aiki ka saya, kuma haƙƙin da ainihin fayilolin littafin naka ne.

Daga nan sai shawarar inda za a sayar. Amazon yana da tsarin da ake kira KDP Select, wanda yake saka littafinka a Kindle Unlimited, inda masu karatu suke biyan kuɗin wata su karanta abin da suka so, marubuci kuma a biya shi gwargwadon shafukan da aka karanta. Sharaɗinsa shi ne bugun na'urar ya zama na Amazon shi kaɗai na tsawon kwana 90, ba za ka sayar da shi a wani dandali ba, har da naka shafin, kuma wa'adin yana sabunta kansa idan ba ka hana shi ba. Sharaɗin bai shafi bugun takarda ba. Ɗaya hanyar ita ce baza littafin a wurare da yawa, irin su Kobo da Apple Books da Google Play Books, ko dai kai tsaye ko ta hannun mai rarrabawa irin Draft2Digital, wanda yake ɗaukar kusan kashi 10 cikin ɗari na farashi, sai kuma IngramSpark ga mai son littafinsa na takarda ya shiga jerin da shagunan littattafai da ɗakunan karatu suke oda daga ciki. Amsar tana ga inda masu karatunka suke. Idan yawancinsu ba sa sayayya a Amazon, kulle littafin a can na wata uku hana su ne kawai ka yi.

Lissafin farashi yana da sauƙi idan aka zauna aka yi shi. A kasuwar Amazon ta Amurka, littafin na'ura da aka sa wa farashi tsakanin dala 2.99 da 9.99 yana iya samar wa marubuci kashi 70 cikin ɗari, bayan an cire ɗan kuɗin aikawa da ya danganta da nauyin fayil, wanda ke ƙasa da haka kuwa kashi 35 ne. Ke nan kwafi guda a kan dala 2.99 yana kawo kusan dala biyu, kwafi guda a kan santi 99 yana kawo kusan santi 35, sai an sayar da shida na biyun kafin a kamo ɗaya na farkon. Farashi mai rahusa yana da amfaninsa, musamman ga littafin farko na jerin littattafai, amma a yi shi da sani. Kafin komai ma, ka bincika ta wace hanya dandalin yake biyan mutanen ƙasarka, ka kuma cike bayanan haraji, domin Amurka tana riƙe kashi 30 cikin ɗari na abin da baƙo ya samu a kasuwarta sai idan ƙasarsa tana da yarjejeniyar haraji da ta rage hakan. KDP yana biya ne kimanin kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi cinikin, don haka kada a ci bashi da sa ran kuɗin makon farko.

Talla tana farawa ne daga shafin sayarwa. Bayanin littafi aikinsa ya nuna wane ne tauraron, me yake so, me ya tare masa hanya, da abin da zai rasa idan ya gaza, sannan ya tsaya a nan. Marubuta da yawa suna cika shi da taƙaitaccen labarin gaba ɗaya ko da yabon kansu, kuma duka biyun suna kashe sha'awa. KDP yana ba da gurabe bakwai na kalmomin nema, kuma a cike su da abin da mai karatu zai rubuta idan yana neman irin wannan labarin. Amazon yana nuna wa mai saye kusan kashi goma cikin ɗari na farkon littafin kyauta, saboda haka doguwar godiya da tarihin marubuci gara a mayar da su ƙarshe, a bar babi na farko ya yi aikinsa.

Tsokacin masu karatu shi ne abin da baƙo yake dubawa kafin ya fitar da kuɗinsa. Makonni kafin ranar fitowa, ka ba wasu masu karatu kwafin littafin, ka roƙe su su rubuta ra'ayinsu na gaskiya idan ya fita. Dokar Amazon ta hana sayen tsokaci da musayarsa tsakanin marubuta da kuma tsokacin dangi na kusa, kuma kamfanin yana goge irin waɗannan, wani lokaci har ya hukunta mai littafin. Idan mummunan tsokaci ya zo, kuma zai zo, kada ka mayar da martani, domin an rubuta shi ne don sauran masu karatu, kuma marubucin da ya shiga cacar baki da mai karatu shi ne yake fitowa da rauni.

A shafukan sada zumunta irin su Facebook da Instagram da TikTok, gara mutum ya riƙe guda ɗaya da masu karatunsa suke ciki ya yi shi da kyau. Maimaita “ku sayi littafina” kullum yana gundurar mutane, amma ɗan yanki daga babi, ko bayanin yadda aka binciko wani abu da ke cikin labarin, yana sa su tsaya. Sai dai mabiyan da ke waɗannan shafuka a hannun kamfanin suke, shi yake zaɓar wanda zai ga saƙonka, kuma yana iya rufe shafin a dare ɗaya. Shi ya sa nake ganin tara adiresoshin imel na masu karatu, da yardarsu, ya fi yawan mabiya daraja. Wurin da ya fi dacewa da roƙon wannan shi ne shafin ƙarshe na littafin, daidai lokacin da mutum ya gama labarin yana son ƙari. A nan za a sa gayyatar shiga jerin, da roƙon tsokaci, da babin farko na littafi na gaba idan akwai. Wanda ya gama littafi ya ji daɗinsa shi ne mafi sauƙin mai saye da za ka samu, kuma idan babu na biyu da za ka miƙa masa, ya wuce ke nan. Wannan ne dalilin da ya sa ba na ba mai littafi guda shawarar zuba kuɗi mai yawa a tallar biya, domin ribar kwafi ɗaya ba kasafai take mayar da kuɗin da aka kashe wajen jawo mai sayen ba, sai idan marubucin yana da wasu littattafan da mai sayen zai bi ya saya.

Idan littafi ya fita ciniki bai motsa ba, a bi matsalar daki-daki maimakon sauya komai a rana guda. Idan ana nuna wa mutane tallar ba sa dannawa, to a tuhumi bango, ko kuma mutanen da ake nuna wa ba su ne masu karanta irin wannan labarin ba. Idan suna dannawa su shiga shafin amma ba sa saye, a duba bayanin littafin da farashi da shafukan farko. Idan suna saye amma ba sa kaiwa ƙarshe, ko ba sa neman na biyu, to matsalar tana cikin labarin, kuma gyaranta sai a littafi na gaba ko a sabon bugu. A sauya abu ɗaya, a rubuta ranar da aka sauya shi a takardar lissafin da ake shigar da abin da aka kashe da abin da ya shigo, a bar shi ya yi makonni biyu ko uku, sannan a kwatanta cinikin da na kafin sauyin kafin a taɓa abu na gaba.